Ranar da Na Faɗi Sunan Ɗan Farina

Akwai maganar da na daɗe ina jin kuna yi a bayan idona, ku 'ya'yana da jikokina, kuna dariya ƙasa-ƙasa, wai akwai ranar da Inna ta ajiye kunyarta a gida ta tafi lakwal, wato makarantar boko, ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Wasunku ma ba a haife su ba a lokacin, amma sun fi kowa iya ba da labarin. Na ji an ce na zagi Alhaji, wan maigidana. Na ji an ce na yi rawa a gaban jandarma. Duk ƙarya ce. Ban zagi kowa ba, ban kuma yi rawa ba. Shi ya sa na sayi wannan kaye, littafin rubutu na 'yan lakwal, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci bayan na fara furfura, zan rubuta yadda abin ya faru, don kada na baya su gaji labarin a karkace.

Gidanmu a lokacin gandu ɗaya ne, a ƙauyenmu na ƙasar Gangara. Alhaji shi ne babba, maigidana ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, kuma duk wata takarda da gwamnati ta taɓa ba wani ɗan gidan tana cikin koren akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon Alhaji: takardun haihuwa, takardun lanho, wato haraji, da katin zaɓen kowa. In ranar zaɓe ta zo sai ya shimfiɗa buzu a zaure, ya buɗe akwatin, ya riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa maka katinka, ya nuna maka hoton da za ka zaɓa, ka je ka jefa, ka dawo ka mayar masa da katin. Ba mu taɓa ganin aibun haka ba, domin haka ake yi a kowane gida. Kuma kada wani ya ce muku Alhaji mugu ne. Shekarar da gero ya ƙi, shi ya kai raƙuminsa da ya fi so kasuwar Tanut ya sayar ya sayo mana hatsi, ba wanda ya kwana da yunwa a gidan. Mutum ne mai riƙon zumunci, sai dai in ya riƙe ka har da wuyanka yake haɗawa.

Yanzu sai in zo kan babban wanku. Kun san al'adarmu: mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa ko tana ganin an zalunce shi. Haka nan ba ta faɗin sunan mijinta. Ni da na fito daga gidan da ake ji da kunya, na riƙe wannan fiye da kowa. Ina yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In zan yi maganarsa sai in ce "wancan", in zan ba shi abu sai in ba ƙanwarsa Hajo ta kai masa. Kullum na dama fura nakan ware masa ta ƙasan ƙwarya, inda ta fi kauri, in faɗa wa iska, "A gaya wa wancan furarsa na nan." Iyakar abin da ke tsakanina da shi ke nan har ya shekara ashirin da biyar. Ina son sa fiye da yadda zan iya rubutawa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko ya sani ba. Da kakarsa ta rasu sai ya zama ba shi da mai tsaya masa a gidan, ni kuwa ina kallo ina shiru, ina ganin hakan shi ne mutunci.

Shi ne na farko a gidan da aka bari ya yi nisa a lakwal. Ya yi Tanut, ya wuce Damagaram, ya daɗe can yana karatu yana taɓa gyaran rediyo. Ranar da ya dawo, wandonsa muka fara gani kafin mu gan shi, wando mai faɗin da za a yi wa yara uku riga da shi, ga hula bakinta na kallon baya. Ya zo kuma da abin da suke kira rap. A kunnena a lokacin ba waƙa ba ce, faɗa ne da babu abokin faɗa: mutum ya tsaya yana zuba magana da sauri yana nuna iska da yatsa. Gari ya ɗauka. Tsofaffi suka ce Damagaram ta lalata shi, mata suka ce a bincika ko iskoki ne, masu 'yan mata suka fara sauya hanya in sun hango shi. Abin da ya fi ƙona wa Alhaji rai shi ne mu ba maroƙa ba ne, ba makaɗa ba ne, a ce ɗan gidansa na waƙa a bainar jama'a. Ni ma na ji kunya, ba zan ɓoye muku ba. Amma ina lura da shi ta wutsiyar ido. Ba ya shan komai, salla ba ta wuce shi, in an fita noma kuma shi ke fara kaiwa ƙarshen gona. Wata rana Alhaji ya tare shi a ƙofar gida, ina jin su daga madafa.

"Kai, wannan haushin da kake yi a bayan gari, wa kake roƙo da shi?"

"Baba, ba roƙo ba ne. Ba na kiran sunan kowa, ba na karɓar na kowa."

"To waƙar da ba ta yabon kowa, mi ne amfaninta?"

"Faɗin abin da ke akwai ne, Baba."

"Abin da ke akwai shi ne kai manomi ne ɗan manomi. Ka ɗaure wandonka."

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi kyau, kuma zaɓen kwamin, wato na masu riƙe mana ƙaramar hukuma, ya faɗo bayan an gama ɗaurin gero. Wata safiya muna daka a turmi ɗaya ni da Yaya Dije, matar Alhaji, wadda muka zauna da ita kamar 'yan ɗaki ɗaya. Lugude muke yi. Ni tun ina budurwa ina da nawa salon: in na cilla taɓarya sama sai in tafa sau biyu kafin in cafe, ba sau ɗaya ba kamar kowa. Na hango yaron a tsugune a jikin darni ya miƙo salularsa ta tsakanin kara, amma tunda ba na kallonsa a gaban mutane sai na kau da kai na ci gaba da dakana. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan kamar mako uku muka je kasuwar Gangara sayar da busasshiyar kuɓewa. Akwai rumfar da samari ke cajin salula suna zuba wa mutane waƙoƙi a ciki, ga ƙatuwar lasifika a bakin rumfar. Muna wucewa sai na ji daka. Na tsaya. Daka ne sosai, turmi da taɓarya, sannan tafi biyu, sannan taɓarya ta sauka. Ko a cikin mata ɗari na san hannuna. A kan dakan nan sai ga muryar yaron. Ranar ce na fara sauraron abin da yake faɗa, na bar kula da yadda yake faɗarsa. Har yau ina riƙe da wannan:

Ita ta daka, ita ta dama, ita ta ɗebo ruwa,
Ranar zaɓe a nuna mata hoto kamar ba ta da ido.
Katinka naka ne, ba laujen aro ba ne,
Hannun da ya san nauyin taɓarya ya san abin da zai jefa.

Mata da yawa sun tsaya a rumfar da ke kusa kamar masu duba atamfa, kunnensu kuwa yana wurin lasifika. Yaya Dije ta dafa ni.

"Ke, wannan ba tafinki ba ne?"

"Ni ban ji komi ba," na ce.

"To hawayen mi kike yi?"

"Barkono ake niƙawa a can."

Ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga mai niƙa barkono ba, ta ƙyale ni.

Waƙar ta bi ƙasar kamar wutar daji. Makiyaya suka tafi da ita a salularsu har rijiyoyin Tenhya, 'yan mata na yin ta a hanyar ɗebo ruwa. Bai kira sunan kowa ba, bai ce a zaɓi wane a bar wane ba, amma kowane maigida ya ji kamar da akwatinsa ake. Alhaji kuwa ya riga ya yi wa wani ɗan takara alkawarin cewa gidansa duk yana hannu. Mutanen ɗan takarar suka zo suka same shi suka ce, Alhaji, ai gobarar daga gidanka ta tashi. Ranar bayan la'asar ya kira yaron da mahaifinsa zaure. Ni ina bayan katanga da faifan wake wai ina tsintar tsakuwa, ban tsinci ko ɗaya ba.

"Za ka bi rumfunan nan ka sa a goge ta," in ji Alhaji, "sannan ka zo gaban mutane ka ce ƙuruciya ce."

"Baba, ko na so ba ta goguwa, ta riga ta tahi. Kuma ba zan ce ƙarya na yi ba."

"To katinka da takardar haihuwarka suna cikin akwatin da ka zaga, kuma nan za su zauna. Ka tahi ka yi zaɓen da bakinka, in ga wanda zai ce ya san ka a garin nan."

"Sunana na cikin lis ɗin masu zaɓe, Baba. Zan je."

"Ka je. In aka koro ka, kada ka dawo mani ta ƙofar nan."

Maigidana bai ce uffan ba. Kada ku ga laifinsa, mutum ne da bai taɓa ɗaga ido ya kalli wansa ba tun mutuwar ubansu. Washegari, ke Hajo, ke kika zo kika raɗa mini cewa wanki ya haɗa jaka, ya kuma yi magana da wani direba a Tanut. Ya ce in ya jefa ƙuri'arsa zai zauna a yi ta fama. In kuwa garin da aka haife shi ya ce bai san shi ba, zai bi motocin arewa, Agadas, daga nan Libiya. Mun san hanyar nan. Samari biyu daga unguwarmu sun bi ta, ɗaya ya aiko sau ɗaya, ɗayan har yau uwarsa na jiran labari. Yaya Dije ta ce ta san inda Alhaji ke ajiye mabuɗi, za ta ɗauko katin a ɓoye. Da aka gaya wa yaron sai ya ce a gode mata, amma shi ba zai yi waƙar gaskiya ya yi zaɓe da sata ba. Taurin kan nan kuwa ba daga wajena ya samo shi ba, jinin su Alhaji ne. Kwana huɗu ina tunanin in kira shi in ce kada ya tafi, amma ban ma san yadda ake fara magana da shi ba. Ana gobe zaɓe na sami maigidana da safe a gindin rumbu yana gyaran igiya.

"Malam, ba za ka ce komi ba?"

"In ce mi? Yaya ya yi magana."

"To wancan zai tahi ke nan."

Ya ɗaga kai ya dube ni da mamaki.

"Yau ke ce da maganarshi?"

Na koma madafa. Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi.

Ranar zaɓe Alhaji ya shimfiɗa buzunsa kamar kullum. Ya miƙo mini katina ya nuna mini hoto, na karɓa da hannu biyu na ce to. A lakwal ɗin garin aka ajiye akwati, layin maza daban, na mata daban, jandarma guda mai tsaro a gindin itacen bedi yana korar ƙuda. An kawo wa Alhaji kujera a inuwa, inda zai ga duk mai shiga da mai fita. Shugaban wurin wani mushe ne, wato malamin lakwal da aka turo daga Belbeji, bai san kowa ba. A gefensa ga wakilan 'yan takara, cikinsu har da wakilin mutumin Alhaji, wani mai dogon wuya da ya san gidanmu ciki da bai. Ajin ba shi da ƙyaure, tagoginsa a buɗe, duk abin da aka faɗa a ciki na waje na ji. Akwai mata kamar goma a gabana lokacin da layin maza ya zo kan yaron. Ranar doguwar riga ya sa da hular kirki, na lura da wannan.

"Katinka?" in ji mushen.

"Ba ya hannuna."

"Wata takarda mai hoto, ko ta haihuwa?"

"Babu."

Mushen ya tambaye shi suna, ya bi lis da yatsa har ya tsaya.

"Ga ka nan. Doka ta ce in ka kawo shaidu biyu masu zaɓe a nan suka ce kai ne, za ka jefa. Kana da su?"

Yaron ya juyo ya dubi layin maza. Abokansa da ke tafa masa a bayan gari suna nan. Ɗaya ya ɗaga ƙafa, ubansa ya yi gyaran murya daga baya, ƙafar ta koma inda ta fito. Sauran kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mutanen da suka ci naman sunansa, da waɗanda ya yi wa noman gayya, duk suka zama baƙi. Bai dubi layin mata ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin na gane bai ma sa ran komai daga wajena ba. Ni na koya masa haka. Ya ce wa mushen ya gode, ya juya zai fita. Na tuna jakar nan, na tuna motocin arewa, na tuna matar nan da ke jiran labari. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle nawa da bai ruɓe ba. Ban san lokacin da na bar layi ba. Yaya Dije ta ce ta kama bakin mayafina na fizge.

"Ni na san shi," na ce.

"Madalla, Inna. Wane ne?"

"Ɗan gidanmu ne."

"Sunanshi za ki faɗa."

Wata tsohuwa ta leƙo ta taga.

"Mushe, ɗan farinta ne. Ba ta faɗi."

Mushen ya sunkuyar da kai, shi ma ɗan ƙasa ne, ya san abin. Ya ce to ai shi ke nan, uwa ta fi kowa sani, ya ɗauki alƙalami zai rubuta. Sai mai dogon wuyan nan ya miƙe.

"A'a, mushe. Shaida da baki ake yin ta. Ta faɗi sunanshi da na ubanshi mu ji. In ba haka ba, mu ba mu yarda ba."

Yana faɗa yana murmushi, domin ya san tarkon da ya ɗana. Suna biyu ya nema, kuma su ne sunaye biyun da macen kirki a garinmu kan mutu ba ta faɗa ba. Wurin ya yi tsit. Ina jin idon Alhaji a ƙeyata, ina jin na matan layi, ina jin muryar uwata da ta daɗe a ƙasa tana cewa kunya ce ta raba mu da dabbobi. Yaron ya matso kusa, bai kalle ni ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki bari. Ba komi. Ki koma layi."

A shekara ashirin da biyar wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma kunyata yake karewa da ita, shi da ake kora. Nan tsoron ya sake ni. Na ɗaga kai na dubi mai dogon wuyan, na faɗa da ƙarfin da na gindin bedi ma za su ji.

"Sunanshi Laminu. Laminu ɗan Isufu. Ni na haife shi. Kuma dakan da kuke ji a waƙarshi, hannuna ne."

Wata a waje ta ce innalillahi. Wata ta rangaɗa guɗa, na san Yaya Dije ce ko da yake ta musa har ta mutu. Mushen ya rubuta, sannan ya ce saura shaida ɗaya. Mai dogon wuyan ya juya ya dubi layi, yana jiran shiru ya sake yi masa aiki. Sai na ji takun da na sani. Maigidana ne. Ya wuce ta gaban kujerar wansa bai tsaya ba, ya shigo ya ajiye katinsa a kan tebur.

"Ni ne Isufun," ya ce. "Ɗana ne. Rubuta."

Sannan ya juyo wajena, a gaban kowa.

"Ashe kin san sunana. Ni na ɗauka tun ranar ɗaurin aure ba wanda ya gaya miki."

Ajin ya fashe da dariya har jandarman ya leƙo ya ga ko lafiya. Yaron ya shiga bayan labule, ya fito ya jefa, aka tsoma masa yatsa a tawada. Da layi ya zo kaina na shiga bayan labulen nan da na sha shiga, amma ranar ce na fara tsayawa na dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kun sha tambayata wa na zaɓa. Ba zan faɗa ba ko a nan, ai don haka aka rataya labulen. Na fito na tarar Alhaji ya ajiye faifai a gabansa ana mayar masa da katuna kamar kullum. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, ban rage komai ba, sannan na ƙulle katina a bakin zanena na wuce. Yaya Dije ta zo ta gaishe da mijinta, ta ƙulle nata. Matan gidan da suka biyo bayanmu suka yi yadda muka yi. Na waiwaya sau ɗaya na ga faifan da katunan maza kawai a ciki, kuma ban ji kunyar daɗin da na ji ba.

Mutumin Alhaji ne ya ci zaɓen, don kada ku ɗauka mun kifar da duniya ranar. Kuma abin ya ci mu. Kafin damina Alhaji ya raba gandu, aka ja darni a tsakiyar gidan da muka yi kusan shekara talatin muna shara tare, ni da Yaya Dije muka koma gaisawa ta tsakanin kara. Gonar da ta faɗo mana ta jigawa ce, sai an sha wuya take bayarwa. Shekara biyu in na gaishe da Alhaji sai ya amsa wa bango. A bakin rijiya an kira ni marar kunya, an ce uwa ta bi ɗanta waƙa. Ƙanwar uwata ta aiko daga Falanko cewa kada in taka mata gida sai na tuba. Na yi kuka a kan wannan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma ban taɓa cewa da na sani ba.

Da wani zaɓen ya zagayo, 'yan takarar da ba su taɓa wuce zaure ba sai ga su suna sallama a bakin turmi, suna durƙusa wa mata suna tambayarmu abin da muke so. Mun gaya musu, muka ƙara da wanda ba su tambaya ba. Samarin da suka dubi ƙasa ranar nan su ne suka riƙa bin ƙauyuka da lasifika a amalanke suna cewa kowa ya riƙe katinsa. Tsofaffin da suka ce haushi ne kuwa, na kama biyu daga cikinsu a kasuwa suna gyaɗa kai, da suka gan ni sai suka ce ƙuda ne. Ku jikoki da ke yin rap ɗinku yanzu ba mai hararar ku, ku sani wani ne ya sha hararar. Ku kuma masu cewa zaɓe wahalar banza ce ku kwanta a ɗaki, kada ku faɗa a inda zan ji. Alhaji ma, Allah ya jiƙansa, kafin ya kwanta ciwon ajali ya sa aka jawo akwatin ya ba kowa takardunsa a hannu. Da ya zo kan takardar haihuwar wanku ya ɗan riƙe ta kafin ya saki.

"Ungo, mai baki," ya ce. "Uwarka ta riga ta ba ka wadda ta fi wannan."

Daga ranar zaɓen ban sake faɗin sunan nan da bakina ba. Na koma kunyata, don ba ƙinta nake yi ba, kuma ko a wannan kaye da na rubuta shi sai da na duba ko wani na leƙe. Sau ɗaya aka buƙace shi, na bayar.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne abin da ya faru da muka dawo gida ranar, da rana tsaka. Na dama fura kamar kullum, na ware ta ƙasan ƙwarya. Na buɗe baki zan ce a gaya wa wancan, sai na gan shi zaune a ƙofar ɗakinsa, jakar nan a gefensa a ɗaure. Ban kira Hajo ba. Na ɗauki ƙwaryar na taka da ƙafata na miƙa masa da hannuna. Ya sa hannu biyu ya karɓa, yatsansa da tawada, nawa da tawada. Na tsaya, ban tafi ba. Ya sha har ya ga ƙasan ƙwarya. Sannan ya jawo jakar ya kwance ta, ya fito da rigunansa ya miƙa wa ƙanwarsa.

"Hajo, a wanke mani waɗannan," ya ce. "Gobe zan hau gyaran rumbu."